Kwanon Rufin Angelina

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo tun shekaranjiya, duk na gani. Wuta ce aka ɗauke mana kwana biyu, sai yau na samu caji. Ku kuma masu cewa Baban Miriam mutumin kirki ne, Malama ce mai zafin rai, ku karanta wannan tukuna.

*

Ana tashi daga makaranta, Malama Angelina ba ta bi ta gida ba. Tun safe rasit ɗin ke cikin jakarta, naɗe a leda. Kwanon rufi bandir goma sha biyu, ta biya tun bara a shagon Alhaji Tasi'u da ke bakin kasuwar Birnin Gwari, ta bar shi ajiya har ta haɗa kuɗin katako da na kafinta. Jiya ta ɗauki adashen zumuntar mata na coci, kuɗin sun cika.

Ta biya ta ɗauki Malam Bakoji kafinta, suka tare mai motar a-kori-kura, suka nufi shagon.

"Sannu da zuwa, Malama. Ya makaranta?" in ji Alhaji Tasi'u.

"Lafiya lau, Alhaji. Yau dai na zo in rage maka kaya. Ga mota can tana jira."

"Wane kaya ke nan?"

Ta yi murmushi, ta ɗauka wasa yake. Ta warware ledar ta miƙa masa rasit.

Ya karɓa ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya ɗago ya kalli Malam Bakoji, ya sake kallonta.

"Malama, ɗan zauna."

"A'a Alhaji, mai mota da awa yake lissafi."

"Maigidanki ya zo ya karɓi kuɗin nan. Tun farkon daminar bara."

Ta tsaya tana kallon bakinsa.

"Wane kuɗi?"

"Dubu ɗari bakwai da ashirin. Cif na ƙirga masa a kan teburin nan."

"Ai ga rasit a hannunka."

"Ya ce ya ɓata. Ni kuma ban ga abin jayayya ba, tunda tare kuka zo ranar, kuma sunansa ne a jiki." Ya juyo mata da takardar, ya ɗora yatsa a sama. "Duba."

Ba sai ta duba ba. Elnathan Danladi. Ita da bakinta ta ce a rubuta haka.

"Wallahi sai da na ba shi shawara," Alhaji ya ci gaba. "Na ce kada ya taɓa, kwano tashi yake yi kullum. Ya ce kun riga kun shawarta a gida."

"Mun shawarta," ta maimaita a hankali.

"Haka ya ce."

"Yau bandir nawa ne?"

Alhaji ya ɗan sosa gemu.

"Tamanin da biyar."

Malam Bakoji ya gyara tsayuwa, ya ce, "Malama, ba don in ƙara miki damuwa ba. Ginin nan ya sha damina biyu a buɗe. Bangon gabas ya fara tsagewa tun zuwana na ƙarshe. Idan ya sha ta uku, sai an sauke layi huɗu ko biyar an sake."

"Na ji, Malam."

"Ga hadari ya fara leƙowa."

"Na ce na ji."

Ta fita ta sallami mai mota da dubu biyu na ɓata masa lokaci. Ta ba Malam Bakoji haƙuri. Sannan ta hau acaba, ba ta ko tambayi kuɗin ba.

*

A tsakar gidan hayarsu ta sami maigidanta, zaune a kan benci yana kwance injin feshi. Miriam, babbar 'yarsu, ta tafi koyon waƙa a coci da ƙannenta. Matar maƙwabcinsu na wanki a bakin rijiya.

"Baban Miriam, zo ɗaki."

"Kin dawo? Bari in ƙarasa wannan."

"Zo ɗaki."

Ya ɗago. Yana ganin ledar rasit a hannunta ya ajiye sifana. Ya bi ta ciki, ta tura ƙofa.

"Daga shagon Alhaji Tasi'u nake."

Ya zauna a bakin gado.

"Na je da kafinta. Na je da mota. Na tsaya a gaban mutane ina dariya, ina cewa na zo kwasar kayana."

"Maman Miriam..."

"Ina kuɗin?"

"Dama ina neman yadda zan faɗa miki."

"Wata goma kana nema. Ina kuɗin?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na zuba a gona."

"Wace gona?"

"Ta Randagi."

Ta jingina da ƙofa. Randagi ce ƙauyen da suka baro shekara shida da suka wuce, ranar da mutanen daji suka ƙona musu rumbu. Bara da aka yi sulhu hanya ta buɗe, ya koma ya noma gonar mahaifinsa. Ita ce ma ta riƙa dafa masa abincin tafiya.

"Ka ce min abokinka Benjamin ne ya ba ka taki bashi."

"Ƙarya na yi."

"Ka ce huɗa ma shi ya biya."

"Ita ma."

"Ci gaba. Ina jin ka."

"Lokacin buhun masara ya haura dubu saba'in. Na zauna na yi lissafi. Na ce idan na samu buhu arba'in, zan mayar da kwano, in yi filasta, in sa ƙofofi da tagogi. Har silin. Na so ki wayi gari kawai ki ga an gama."

"Buhu nawa ka samu?"

"Ashirin da biyu. Ruwa ya ɗauke a tsakiya."

"Ka ce min goma."

"Na ɓoye sha biyu a wajen Benjamin."

"Nawa ka sayar?"

Ya shiga murza yatsunsa.

"Baban Miriam, nawa ka sayar?"

"Dubu ashirin da huɗu. Duk kasuwar haka ta faɗi, kin sani. Ba ni kaɗai ba ne. Buhun taki ɗaya sai ka sayar da masara buhu biyu."

Ta yi wata 'yar dariya da babu daɗi a cikinta.

"Ba kai kaɗai ba ne. To su sauran da kwanon matansu suka yi noma?"

"Kada ki faɗi haka."

"Me zan faɗa? Ka san yadda na tara kuɗin nan. Wata ashirin da biyu ke nan ƙungiyar malamai na yankar dubu talatin da uku a albashina. Saura wata goma sha huɗu. Keken ɗinkina na sayar na zuba linta. Na fara ginin nan siminti yana dubu huɗu da ɗari biyu, na kai shi sama yana dubu goma da rabi. Miriam ta zauna shekara guda a gida ba ta yi rajistar jarrabawa ba, saboda na ce mata ta yi haƙuri mu sayi rodi kafin ya ƙara tashi. Yarinyar nan ko ƙorafi ba ta yi ba."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Da ka sani da hannunka bai iya karɓa ba."

Ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Ke kin san me nake ji? Shekara shida ina cin tuwon albashinki. A coci ba a kirana da sunana, sai mijin Malama. Magini ya zo, ke yake tambaya. Mai yashi ya zo, ke yake tambaya. Ni ina tsaye kamar ɗan kallo. Na so ko rufin nan a ce da gumina aka yi."

"Shi ya sa ka ɗauki nawa gumin ka kai daji."

"Ba haka nake nufi ba."

"Saboda wannan abin da kake ji na sa sunanka a komai. Rasit ɗin bulo, sunanka. Na kwano, sunanka. Takardar fili, sunanka. Matan zumunta sun ce min ni wawuya ce. Na ce ban yarda a nuna mijina a gari a ce mace ta gina masa gida ba."

Tana ambaton takardar fili ya kawar da kai.

Ta gani.

Daga waje ana jin guga na bugun bakin rijiya.

Ta durƙusa ta jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Ta ɗaga zannuwan coci, ta ɗaga takardun haihuwar yara. Farar ambulan ɗin tana nan. Ta buɗe.

Babu komai a ciki.

Ba ta tashi daga durƙuson ba.

"Ina take?"

"Maman Miriam, ki saurare ni har ƙarshe."

"Ina takardar filina?"

"A watan bakwai masara ta fara ja. Sai an ƙara taki, in ba haka ba duk abin da na zuba ya tafi. Ba ni da ko sisi. Na je na karɓi dubu ɗari huɗu."

"Ka ba da ita jingina."

"Na wata biyar ne kawai. A kan zan mayar da ɗari biyar da hamsin kafin ƙarshen Disamba."

"Yau muna Maris."

"Na kai abin da na samu. Bayan na biya masu girbi da kuɗin mota, ɗari uku da goma suka rage. Na kai, aka ƙi karɓa. Aka ce yarjejeniya ta ce duka ko babu."

"In babu fa?"



"In babu, fili da abin da ke kansa ya zama na mai kuɗi. Zai cika mana dubu ɗari biyar."

"Ɗari biyar."

"Ban karɓa ba. Na rantse miki ban karɓa ba."

"Ɗaki huɗu da falo. Bulo dubu uku da ɗari biyu. Na fi miliyan uku a wurin nan, ka sa hannu a kan ɗari tara."

"Ban taɓa zaton zan kasa biya ba."

Ya tashi ya sa hannu a bayan kwabar kaya, ya ciro wata baƙar leda ɗaure da roba. Ya ajiye a gabanta a kan tabarma.

"Ga ɗari uku da goman. Ban taɓa ko naira ba."

Ta kalli ledar. Ba ta kai girman bulo ɗaya ba.

"Mai gidan nan ya ba mu zuwa ƙarshen Afrilu," ta ce, muryarta a ƙasa. "Da na karɓi notis ɗin har godiya na yi masa. Na ce masa ai mu ma tashi za mu yi, gidanmu za mu shiga ko babu filasta. Kana tsaye a wurin. Ka ji ni ina faɗa, ka yi shiru."

"Kunya ce ta hana ni."

"Kunya ba ta hana ka cin tuwona a daren ba."

Ya runtse ido.

"Wa ka ba?"

Ya juya fuska wajen bango.

"Wane ne mai kuɗin? Ɗan kasuwa ne? In je in durƙusa masa. Ga kuɗin katako a jakata, ɗari biyu da sittin. In haɗa da wannan ya wuce abin da yake bi. Faɗa min sunansa."

"Ba zai karɓa ba."

"Kai dai faɗa min."

"Ba zan iya ba."

"Ka iya sa hannu, ba ka iya faɗin suna ba?"

"Idan na faɗa, cewa za ki yi sharri nake yi don in wanke kaina." Ya share fuska da tafin hannu. "Yaushe rabonki da wurin ginin?"

"Sati biyu. Me ya faru?"

"Ki je yanzu. Yana can."

Ta ɗauki baƙar ledar ta cusa a jaka. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Har ta kama ƙofa ya ce, "In raka ki?"

"Zauna ka gyara injin feshinka."

*

Filin yana can ƙarshen unguwar Magajin Gari, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Tun kafin ɗan acaba ya sha kwanar ƙarshe ta fara jin ƙarar guduma.

Ta ce ya tsaya. Ta sauka ta ƙarasa da ƙafa.

Mutum uku ne a saman gininta. Sun riga sun ɗora katako a kan ɗakuna biyu, suna kan na uku. A gefen ragowar rodin da ta saya da kuɗin jarrabawar Miriam, an jingine sabon kwano, fari tas, ko igiyarsa ba a kwance ba. An sauke bangon gabas ɗin da ya tsage, an sake ɗora shi, simintin bai gama bushewa ba.

Ta ƙirga kwanon da ido ba tare da ta yi niyya ba. Bandir goma sha biyu.

Wani mutum na tsaye ya ba ta baya, hannu ɗaya a ƙugu, yana nuna wa kafintoci inda za su ja igiya. Ta san rigar. Ta san tsayuwar.

"Yaya Zakka."

Ya juyo. Wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai sayen hatsi a kasuwa. Shi ya riƙe mata igiyar awo ranar da ta sayi filin.

Bai razana ba. Ya cire hula ya share zufa, ya mayar.

"Angelina. Ya gaya miki ke nan."

"Me kake yi a nan?"

"Kina gani. Ina so a rufe kafin ruwan farko."

"Gidana ne."

"A da ke nan."

Masu guduma suka dakata. Ya ɗaga musu hannu, suka ci gaba.

Ta buɗe jaka da sauri, ta ciro baƙar ledar, ta ciro kuɗin adashe, ta haɗa ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ga ɗari biyar da saba'in. Ya fi abin da kake bin sa. Kuɗin kwano da katakon nan kuma ka rubuta, zan biya ka a hankali. Ka ba ni takardata."

Bai ko kalli kuɗin ba.

"Lokaci ya wuce tun Disamba."

"Yaya, ni ce fa."

"Na san ke ce. Shi ya sa na jira har wata uku ban taɓa komai ba."

"Ka jira? Sau nawa na zo gidanka a wata ukun nan? Ranar Kirsimeti a faranti ɗaya muka ci shinkafa. Ka tambaye ni ya gini, na ce saura rufi, ka ce Allah ya taimaka."

"Ba ni zan shiga tsakanin mace da mijinta ba."

"Amma ka shiga tsakanina da gidana."

"Ki yi magana a hankali, akwai mutane." Ya matso kusa. "Mijinki ya zo min da takarda yana neman kuɗi. Da na ƙi, wani zai kai wa. Da yanzu baƙo ne a tsaye a nan, ba ni ba. Ki gode wa Allah abin bai fita daga gida ba."

"To tunda bai fita ba, mayar min."

"Judah zai yi aure bayan Ista. Na riga na faɗa wa iyayen yarinyar nan za su zauna."

Judah ɗansa ne na fari. Angelina ce ta koya masa karatu a aji ɗaya.

"A ɗakin da na zana wa Miriam," ta ce.

"Cikonku na nan, dubu ɗari biyar. Duk ranar da kuka shirya ku zo ku karɓa. Ya isa ku kama haya mai kyau shekara biyu."

"Ni kuma a ci gaba da yankar albashina wata goma sha huɗu, ɗanka na kwance a ciki."

"Wannan tsakaninki da mijinki ne."

Ta mayar da kuɗin jaka. Sai da ta ja sau biyu kafin zif ɗin ya rufu.

"Zan kai ka gaban dattawan coci. In ba su iya ba, kotu. Kowa a garin nan ya san da kuɗin wa aka yi ginin nan. Magini ya sani, mai bulo ya sani."

"Takarda ba ta san su ba."

"Takardar da kuka rubuta ku biyu a ɓoye? Wa ya gani? Wa ya shaida?"

Zakka ya dube ta na ɗan lokaci. Sai ya sa hannu a aljihun gaba, ya ciro takarda a ninke, ya warware, ya riƙe ta a gabanta ba tare da ya sake ta ba.

"Karanta ƙasa."

Sa hannun Elnathan. Sa hannun Zakka. Shaida na farko, Benjamin.

Shaida na biyu ba sa hannu ba ne. Dangwalen yatsa ne da shuɗin tawada, ya ɗan karkace, irin na wanda bai saba ba. A ƙarƙashinsa an rubuta suna da manyan baƙaƙe.

JEMIMA BITRUS.

Mahaifiyarsu.

Angelina ta karanta sau biyu. Tsohuwar da take kai wa maganin hawan jini duk ƙarshen wata. Wadda ta yi wa alkawarin ɗakin gaba, mai taga biyu, don ta riƙa shan iska.

"Ƙarya ne," ta ce. "Kun kama hannunta ne kun dangwala. Mama ba ta iya karatu ba, ba ta san me ke ciki ba."

"An karanta mata. Sau biyu."

"Ƙarya kake yi, Yaya."

"Ita ta ce in ba shi kuɗin. Ita ta ce a sa sharaɗin Disamba."

"Mama ba za ta yi min haka ba."

Zakka ya ninke takardar ya mayar aljihu. Ya juya ya kalli ƙofar ɗakin gaba, wadda aka rataya wa tsohon buhu saboda rana.

Buhun ya motsa. Ƙarshen sanda ya fara fitowa, sannan hannun da ke riƙe da ita.

"Zakka," in ji muryar daga ciki, "bar ta ta shigo. Ni zan faɗa mata dalili."